Daga Katsina zuwa Jidda: nisan nawa ne, kuma me ya sa zuwa ya fi dawowa daɗewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya ce da za su tafi aikin Hajji jirginsu ya tashi daga Katsina ƙarfe goma na dare, ya sauka Jidda ƙarfe biyar na asuba, awa bakwai ke nan. Amma a dawowa, wai awa uku kacal suka yi. Shin hanya ce ta gajarce? Kuma nisan nawa ne tsakani? Daga wani ɗan uwa a Daura.

Amsa: Allah ya karɓi ibadar Baba. Hanya ba ta gajarce ba, agogo ne ya shiga lissafin. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2. Lokacin da suka sauka ƙarfe biyar a Jidda, a Katsina ƙarfe uku ne na dare, wato awa 5 suka yi a sama. A dawowa kuma sai a ƙara awa biyun nan a kan ukun da ya gani, su ma su koma biyar. Kowane tikiti da agogon garin da aka tashi da na garin da za a sauka yake aiki.

Nisan kuwa, daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua zuwa Jidda kusan kilomita 3,500 ne idan aka miƙe, Madina kuma kusan 3,600. Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, don haka tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai, sai a haɗa da lokacin hawa sama da na saukowa da jiran izinin sauka.

Sai dai jirgi ba ya miƙewa yadda ya ga dama, kuma a nan ne na fi so ka lura. Sararin samaniya yana da hanyoyi da iyakoki, kowace ƙasa da nata, kuma sai da izininta ake ratsawa. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta kudancin Nijar, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazanmu na shekarar suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, an ƙona mai da yawa, kuɗin jigila ya ƙaru. Shi ya sa za ka ji alhaji biyu daga unguwa ɗaya suna musu a kan awannin da suka yi, alhali kowa gaskiya ya faɗa, shekarar ce ta bambanta.

Iskar da ke kaɗawa can sama ma tana ƙara 'yan mintuna ko ta rage.

Idan wani dattijo zai sake tafiya daga gidanku kuma yana shan magani a kan lokaci, kamar na ciwon suga, don Allah a tambayi likitansa tun kafin tashi yadda zai daidaita shan maganin da wannan bambanci na awa biyu.