Ɗan Bayan da Ya Ci Gida

Jiya bayan an tashi daga atisaye ka tsayar da ni, ka ce: "Koci, tun da na ci gida ranar Asabar ko majalisa ba na iya zama. Ɗan baya ya tare ƙwallo goma ba mai tunawa, ya yi kuskure ɗaya a yi ta yi da shi. Ko za ka mayar da ni gaba?" Magariba ta kawo jiki, shi ya sa ban amsa maka ba. To ga amsar.

Ba zan mayar da kai gaba ba, ɗana. Lamba biyar ce gidanka. Amma na san abin da ke cin ranka, don ni ma na taɓa ci, a wasan unguwa, gaban yayyena, kuma kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Bari in ba ka labarin Joseph Yobo, tsohon ɗan bayan Najeriya, don duk abin da ke damun ka ya same shi, kuma a idon duniya.

Ɗan jihar Ribas ne, an haife shi a 1980. A 1998 ya tafi Standard Liège a Beljiyam, daga nan Marseille a Faransa a 2001. A gasar cin kofin duniya ta 2002, ƙwallo ɗaya tak Najeriya ta ci, wadda Julius Aghahowa ya sa wa Suwidin da ka. Kowa na tuna tsalle-tsallen da Aghahowa ya yi na murna. Wanda ya ɗago masa ƙwallon daga gefen dama Yobo ne, kuma ka zaga majalisarku ka tambaya, da ƙyar ka sami mutum biyu da suka sani. Ka ga kenan kukan da kake yi tsohon kuka ne.

A wannan shekarar koci David Moyes ya ɗauko shi aro zuwa Everton ta Ingila, daga baya suka saye shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne kakar 2006 zuwa 2007. Wasa 38 ake yi a Firimiya, Yobo ya buga su duka, daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe, minti 3,420, ba a canja shi ko sau ɗaya ba. Zauna ka lissafa abin da wannan ke nufi. Bai karɓi jan kati ba. Bai tara katin gargaɗin da zai sa a dakatar da shi ba. Bai yi shigar gangancin da za ta karya shi ba. Kuma sau 38 koci yana zama ya rubuta sunayen mutum goma sha ɗaya, bai taɓa tsallake nasa ba. Ɗan gaba da ƙwallayensa ake auna shi, mu kuwa ma'auninmu amana, wato sau nawa aka ba ka ƙofar gida aka kwana da hankali kwance.

Daga Ingila ya wuce Fenerbahçe a Turkiyya a 2010, suka ci kofin gasar lig ta ƙasar a kakarsa ta farko.

Sai gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Shi ne kyaftin, amma rauni ya taɓa shi, kocin Najeriya marigayi Stephen Keshi, wanda shi ma tsohon ɗan baya ne, ya haɗa Godfrey Oboabona na Sunshine Stars da Kenneth Omeruo mai shekara 19, haɗin kuma ya yi kyau. Kyaftin guda ya koma benci yana kallon ƙannensa. A wasan ƙarshe da Burkina Faso, bayan Sunday Mba ya ci, sai a mintunan ƙarshe aka sako shi don a rufe gida, sannan ya ɗaga kofin. Ina kawo maka wannan ne saboda na ga yadda fuskarka take canjawa duk ranar da na ajiye ka. Wanda ke benci aikinsa ya karanta wasan, don ba a sanar da shi ranar da za a neme shi. A kofin duniya na Barazil a 2014 haka ta faru: Oboabona ya ji ciwo tun kafin hutun rabin lokaci a wasan Iran, Yobo ya shigo. Ba a ci mu ba ranar, ba a kuma ci mu ba a wasan Bosniya.

Yanzu ga inda labarinku ya haɗu. Ranar 30 ga Yuni, 2014, muka kara da Faransa a zagaye na biyu. Paul Pogba ya ci da ka ana saura kusan minti goma. A ƙarin lokaci Mathieu Valbuena ya turo ƙwallo ƙasa-ƙasa bakin raga, Antoine Griezmann ya kutso, ta bugi Yobo ta shige. Wasansa na ƙarshe kenan da rigar Najeriya. Mutumin da ya fara kai wa wasa 100 a tarihin Super Eagles, ya je kofin duniya uku, da cin gida ya yi sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, kuma har yau ba na yarda a zage shi a gabana. Ƙwallon ta same shi ne don ya biyo mutuminsa har bakin raga ana dab da tashi, lokacin da ƙafafu suka mutu. Ɗan bayan da ya tsaya nesa ya riƙe ƙugu ba ya cin gida, sai dai a ci ƙungiyarsa yana kallo.

Amma kada ka ɗauka na wanke ka. Taka ta ranar Asabar akwai gyara a ciki, har uku. Da ɗan gefensu ya tsere, ka juya kana gudu fuskarka na kallon ragarmu, ƙwallo na bayanka. Ana komawa ne a karkace, kafaɗa ɗaya wajen ƙwallo, ido na leƙen mutuminka, kuma ka riga shi isa turken kusa, yadda in ta zo za ka tarbe ta kana kallon fili. Sannan ƙwallon daga damarmu ta fito, ƙafar da za ta mayar da ita inda ta fito ita ce wadda ka ƙi yarda da ita, sai ka miƙa ɗayar a makare ta goge ta. Mafi girma kuwa shi ne shiru. Gola bai ce "tawa" ba, kai ba ka ce "bar ta" ba, lamba shida yana tsaye kamar baƙo. 'Yan baya da ba sa magana, ko su huɗu ne, kowa shi kaɗai yake. In kuma ka rasa yadda za ka yi, fitar da ita kwana, wato bugun kusurwa, ba abin kunya ba ne, za mu tsaya mu tare.

Gobe bayan sallar Asuba ka same ni a fili, ka taho da gola da lamba shida. Zan turo muku ƙwallo hamsin ƙasa-ƙasa daga dama, hamsin daga hagu, kuma duk wadda aka tare ba tare da na ji murya ba, ba ta shiga lissafi. Ranar Asabar kai za ka fara.