Amsa ga Alhaji kan filasta da fentin da ruwan farko ya tona wa asiri

(Murya ce aka tura a guruf ɗin 'yan gari, aka rubuta ta saboda waɗanda ba su samu saurare ba.)

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da warhaka. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari muryarka, na kuma duba hotunan. Ga waɗanda ba su ji ba: Alhaji ya ba da jingar filasta da fentin wajen gidansa a ƙauye, nan ƙasar Ringim. An yi filastar cikin watan Maris, ba a cika kwana goma ba aka shafa fenti. Yanzu damina ta faɗi, fenti na ɓarewa, filasta ta tsattsage, wani wurin ma ta zubo. Birkila ya ce laifin mai fenti ne, mai fenti ya ce na birkila ne, shi kuma ɗan kwangilar da ya kawo su cikon kuɗinsa kawai yake nema. Alhaji na tambaya, wa zai kama, kuma ya biya ko kar ya biya?

To Alhaji, kar ka biya cikon tukuna, amma kar ka kai ƙara tukuna. Kuma don Allah kar ka bari kowa ya zo da bokiti ya ce bari ya shafe wurin. Da zarar an shafe, shaidarka ta tafi. Ka tara su ukun rana ɗaya, ka kira mai unguwa da wani tsohon magini wanda ba shi da hannu a aikin, a gwada bangon a gaban kowa, ana ɗaukar bidiyo.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka ɗauki makulli ko ƙaramin dutse ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama bulo za ka ji sauti a toshe. Inda ta rabu da shi za ka ji ƙwal-ƙwal, alamar akwai rami a baya. Duk inda ka ji haka ka zagaye shi da gawayi. Wannan ba ruwan mai fenti, aikin birkila ne: ko bai jiƙa bulon ba kafin ya watsa kwaɓi, busasshen bulo ya zuƙe ruwan nan take, ko bai share ƙura ba, ko ya lafta ta da kauri a tashi ɗaya. Filastar waje kaurinta kamar milimita 15 ne, wato kaurin ɗan yatsa. In bango ya karkace har ana bukatar fiye da milimita 20, sau biyu ake yi, a karce na farko, a bar shi ya kama, sannan a ɗora na biyu.

Sai ka sa ƙusa ka karci filastar inda fenti ya ɓare. In tana zubo maka da yashi kamar gari, siminti ya yi kaɗan, ko ba a ba ta ruwa ba, ko duka biyun. A nan ne lissafi yake raba gardama, ka gane ko. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne. Filastar waje ana zuba masa yashi kwano takwas zuwa goma, in an matsa goma sha biyu, kar a wuce. Da wannan kwaɓin, buhu ɗaya zai rufe fuskar bulo kamar 100 zuwa 120, tunda bulo goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya. To ka ƙirga layin bulo a tsaye da a kwance, ka cire ƙofa da taga, ka ga buhu nawa ya kamata bangon ya ci, sannan ka tambaya buhu nawa aka fasa. In bangon buhu ashirin ne aka yi shi da goma sha biyu, magana ta ƙare, saura a tambayi ina takwas suka shiga. Amma fa Alhaji, in kai ka sayi simintin, birkila ya ce ashirin ka ce ya lallaɓa da goma sha biyu, to wannan kason naka ne, kar ka ɗora wa bawan Allah.

Yashin ma a duba shi, in akwai ragowa. A zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya kai kashi ɗaya cikin goma na yashin, bai dace da filasta ba. Masu amalanke da yawa daga bakin kududdufi ko gefen gona suke kwasowa saboda kusa, ba daga rafi ba, kuma irin wannan yashin shi ke kawo tsagar nan sirara mai rassa da na gani a hoto na biyu.

Sai maganar ban ruwa, wadda nake zargin ita ce uwar matsalar. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Filasta tana bukatar a yayyafa mata ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai. An yi taku a Maris, lokacin da rana ke dukan bango tun hantsi, iska kuma a bushe. In ba a ba ta ruwa ba, kafin la'asar ta ƙone. Abin da za a tambaya a zaman shi ne wa aka ɗora wa ban ruwan. A ƙauyukanmu galibi birkila yana gamawa ya tafi, a bar wa yaran gida, su kuma su watsa bokiti biyu rana ɗaya su manta. In jinga ce gaba ɗaya, har ruwan 'yan garuwa a cikin kuɗin, to nauyin ɗan kwangila ne.

Tsaga kuma ba duka ce ta filasta ba. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi gicciye, ko take bin layin bulo hawa-hawa, har kana iya zura tsinken ashana, wannan daga ginin ne, ko fandisho ya zauna ko linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga. Wuraren da ke da ƙasar laka ta fadama, irin na bakin kogin Haɗeja, ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tana motsa gini. Ko sau goma aka sake filasta za ta dawo. Wannan kar ka sa ta a lissafin waɗannan mutanen, sai in su suka yi ginin.

Yanzu mai fenti. Laifinsa na farko a fili yake: sabuwar filasta ana ba ta mako huɗu kafin fenti. Kafin nan akwai danshi a ciki, kuma kaifin siminti yana cin fenti. Ko da maigida ne ya matsa saboda biki ko salla, mai sana'a ya kamata ya ce a'a, ko ya faɗa a gaban shaida cewa ba ruwansa. Ka shafa tafin hannunka a bangon. In ya fito fari fat, ko fentin cikin ɗaki aka shafa a waje, ko an tsinka shi da ruwa fiye da kima don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Ka manna salatif ka danna, ka fizge. In fenti kaɗai ya biyo, bayansa a tsabtace, fentin ne bai kama ba. In ya biyo da yashi manne a bayansa, filastar ce ta saki, mai fenti ya fita a wannan wurin. In kuma ka ga farin gari mai laushi tsakanin fenti da filasta, to an yi sikirindin, wato shafin da ake yi don bango ya yi sumul kafin fenti, da POP, farar hodar nan ta yin silin, shi kuwa POP ba ya shiri da ruwa, na cikin ɗaki ne. A nemo bokitan da aka yi aikin da su, a karanta jikinsu, a ga ko na waje ne, a ga ko su ne aka rubuta maka a rasit.

Farin abin nan mai kama da kanwa da ke fitowa a gindin bango, daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawowa yana fito da gishiri. Yawanci ba a sa leda a kan fandisho ba, ko ruwan indararo na zuba a gindin. Ka duba sama ma, kan rawanin ginin. In ba a yi masa hula mai gangara ba, ruwa ta nan yake shiga bayan filasta, fenti ya yi ƙuraje. In ana musun akwai danshi, a manna leda mai faɗin tafi biyu a bangon, a rufe gefunanta da salatif, a bar ta ta kwana. Gumi a cikinta ya isa amsa.

Af, na ga katangar baya ta ƙasa ce. Siminti ba ya zama a kan ginin ƙasa haka kawai, sai an kafa ƙusoshi an ɗaura ragar waya, kuma duk da haka sai an yi sa'a. Iyayenmu da makuba da laso suke shafe irinta, ba don ba su san abin da suke yi ba. Birkilan da ya karɓi wannan aikin bai gaya maka ba, ya ci amanar sana'a.

Gyaran kuwa, duk inda aka zagaye da gawayi a sassare shi har bulo, a share, a jiƙa, a watsa ruwan siminti mai kauri ya kwana, sannan a yi filasta da kwano takwas, a ba ta ruwa mako guda. Ana iya yin wannan yanzu, sanyin damina ma taimakonta yake. Fenti kuwa a jira ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba. A kankare tsohon duk inda ya saki, gishirin a goge shi da burushin waya a bushe, kar a wanke, ruwa mayar da shi ciki yake. A sa shafin farko wanda ke jure siminti, sannan fentin waje hannu biyu, da tazarar awa huɗu ko kwana, da safe ko da yamma, ba cikin tsakar rana ba.

Kai da ɗan kwangila kuka yi ciniki, don haka shi za ka riƙe, shi ya ji da yaransa. A zaman, a rubuta a takarda: wuraren da za a gyara, wa zai sayi siminti, wa zai sayi fenti, ranar farawa, da cewa cikon kuɗi sai an gama magini ya ƙwanƙwasa ya ce ya yi. In da hali a bar wani abu a hannun mai unguwa har ruwan baɗi ya gwada aikin. Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu. In ya ƙi zama, sai dagaci, in ta ƙi nan sai ofishin Hisba ko kotun shari'a, ka tafi da bidiyon, da rasit, da alat ɗin kuɗin da ka tura masa. Ka turo mana adadin bulo da buhunan da aka fasa, a buga lissafin a nan guruf. Wassalamu alaikum.