Ko tenofovir yana fasa ɓawon ƙwayar ciwon hanta?

Malam, ka tambaya ko maganin tenofovir yana fasa ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A'a, aikinsa, kamar na maganin entecavir, shi ne hana ƙwayar kwafar sinadarin gadonta. Magungunan da ake haɗawa domin ɓawon suna manne wa furotin ɗin da ke gina shi, wanda yawanci guda 240 ne a kowane ɓawo, sai ɓawon ya fito fanko ko a karkace, amma har yanzu a matakin gwaji suke.

Ni dai tun da na fara shan tenofovir likita ya gargaɗe ni kada in daina da kaina, domin tushen ƙwayar yana nan kwance cikin ƙwayoyin hanta, kuma dainawa kan sa ciwon ya taso da ƙarfi.