Filin Tambayi Inna: Man sitronela da sauron damina

Tambaya: Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a Mabera, ɗiyana uku: babba shekara bakwai, mai bi mata huɗu, sai na goye mai wata takwas. Tun da ruwa ya zauna sabro ya hana mu sakat. Maganin sabro na kunnawa yana tayar wa babbar da tari, gidan sabro kuma maigida ya ce zafi ke hana shi barci ciki. Na gani a waya wata tana haɗa man sitronela da na kanumfari da ruwa cikin kwalbar feshi, ta ce da shi an rabu da sabro da masassara, kuma babu sinadari ciki. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya ake haɗa shi, kuma zan iya shafa wa na goye? Daga uwar ɗiya uku, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya ba mai tari lafiya. Mabera da damina ba sai an ba ni labari ba. Ruwa ya kwanta a layi ya yi kwanaki bai janye ba, ai dole sauro ya kafa gari.

Man sitronela, wanda ake tacewa daga wata ciyawa 'yar'uwar ciyawar lemo, yana korar sauro, wannan gaskiya ne, ni kaina ina haɗawa ina shafawa. Amma ba ya raba gida da masassara, kuma duk wadda ta sa kika naɗe gidan sauro don kin samu kwalbar feshi ba ta yi miki adalci ba. Bari ki ji dalili.

Macen sauro ce ke cizo, don sai ta sha jini ƙwanta ke ƙosawa. Numfashin da muke fitarwa take shinshinowa daga nesa, in ta matso ta bi warin gumi da ɗumin jiki, mai kawo masassara kuma ta fi son wajen ƙafa da idon sawu. Shi tataccen man tsiro, wanda masu sayarwa ke kira esenshal, abu ne mai saurin bin iska. Ƙamshin da ke tashi daga fata shi ke rikita ta ta kasa sauka. To abin da ya tashi ya tafi ke nan, ba ya dawowa. A 2002 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga wani gwaji da aka yi a Amurka: mutane suka shafa magunguna iri-iri, suka riƙa zura hannu cikin kejin sauro ana duba agogo. Mai ɗauke da sinadarin korar sauro da ake kira DEET kashi 23.8 cikin 100 ya kai awa 5 kafin cizon farko. Masu sitronela ko minti 20 ba su cika ba. A ɗakin gwaji ke nan fa, ba a tsakar gidan Sakkwato ba, inda zafi da gumi ke ƙara masa saurin gushewa.

Yanzu ki haɗa wannan da lokacin da sauron masassara ke fitowa aiki. Ya fi cizo in dare ya raba, daga wajen ƙarfe goma har asuba. Kin shafa wa yara bayan isha'i sun kwanta, kafin ki gama kintsa kwanuka man ya bar jikinsu, su kuma ga sauran dare gaba ɗaya a gabansu. Babu uwar da za ta riƙa tashi kowane rabin awa tana shafa mai har gari ya waye.

Inda man yake da rana shi ne tsakanin magariba da kwanciya: lokacin cin tuwo a tabarma, hirar tsakar gida, yara na bitar karatu, maigida na zaune ƙofar gida da maƙwabta. A nan mutum idonsa biyu, in ya ji ƙamshin ya ja baya sai ya ƙara. Haka ma da safe da la'asar, don akwai wani sauron mai zane fari da baƙi a ƙafa da ke cizo da rana, shi ke kawo zazzaɓin dengi, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023.

Sai haɗin. Ki fara da lura wajen saye, don nan aka fi yin asarar kuɗi. Mu masu haɗa humra da turaren wuta mun saba da man turare kala-kala da ake auna mana a kasuwa, har da mai ƙamshin ciyawar lemo. Wannan ƙamshi ne kawai aka kwaikwaya, ba shi ake nufi ba. Na gaskiya yana zuwa cikin 'yar kwalbar gilashi mai duhu, mililita 10 ko 15, da sunan tsiron a jiki. Na sitronela za ki ga an rubuta Cymbopogon nardus ko Cymbopogon winterianus. Ki ɗiga ɗigo guda a farar takarda ki ajiye. In bayan wuni ya bar tabon maiƙo mai faɗi, an sirka shi da wani mai.

Ban so ki bi hanyar ruwa da kwalbar feshi. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, man zai taso sama, feshi ɗaya ya fito ruwa zalla, na gaba ya fito da tsagwaron mai ya ƙona fatar yaro ko ya faɗa masa ido. Ga shi ruwan kan lalace cikin 'yan kwanaki a wannan zafin. Man shafawa ya fi, kuma maiƙon yana ɗan riƙe ƙamshin ya rage masa gudu.

Ga yadda nake yi. Ki samu man kaɗe mai kyau babban cokali biyu, mililita 30 ke nan, ki sa a ƙaramin kwano, ki ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke. Kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye. Ki zuba man kwakwa cokalin shayi huɗu, mililita 20, ki juya, ki sauke. Daga nan sai haƙuri. Ki bar shi ya huce har ki ga gefen kwanon ya fara yin fari yana kamawa, in kin taɓa da yatsa kin ji ɗumi kawai. Sai a lokacin za ki zuba man sitronela rabin cokalin shayi, wato mililita 2.5, in kina son awo daidai, ki sayi sirinji a kemis ki cire allurar. Wadda ta zuba shi man na da zafi za ta ji ɗakin girki ya game da ƙamshi ta yi ta murna, alhali maganin ne ke guduwa. Wannan awon ya ba ki kusan kashi 5 cikin 100, na manya ke nan. Ki juye a kwalba mai murfi mai ƙarfi, ki ajiye gindin randa inda rana ba ta kaiwa, kuma ki haɗa kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata guda ko biyu.

Man kanumfari yana cikin masu ɗan daɗewa a fata, amma yana da zafi ƙwarai. Ɗigo 5 ya ishi wannan haɗin duka, kada ki wuce, kuma ban da na yara. A nan nake so ki ajiye zancen "babu sinadari". Kowane tsiro da sinadarinsa, na kanumfari sunansa yujinol, shi ke kashe zafin haƙori, shi ne kuma ke saɓule fata in ya yi yawa. Na taɓa ganin hannun wata yarinya da aka shafa wa tsagwaronsa, ya yi jawur ya ɗuri ruwa kamar ƙunar tafasasshen ruwa, uwar tana kuka tana cewa ai na itace ne. Man lemun tsami shi kuma kada ki sa shi sam, domin in rana ta bugi wurin da aka shafa yana ƙona fata ya bar baƙin tabo.

Kafin kowa ya shafa, a gwada kaɗan a cikin dantse a bar shi kwana guda. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, wannan jikin bai karɓa ba. Wa mai shekara bakwai da mai huɗu, ki ɗebi cokali guda na haɗin da ba a sa wa kanumfari ba ki ƙara masa cokali biyu na man kaɗe zalla, ki shafa a ƙafa da ƙwauri da dantse. Ban da fuska, ban da tafin hannu, don hannun yaro bakinsa da idonsa yake zuwa. Ita mai tari ki lura da ita. In ƙamshin ya tayar mata, ki daina, kuma ki kai ta asibiti a duba ƙirjinta, maganin kunnawar nan ya fita daga ɗakin da take kwana.

Na goye kuwa, a'a. Ɗan ƙasa da shekara uku ba na yarda a shafa masa waɗannan mayukan, musamman na na'a-na'a da na itacen turare, da kan iya toshe wa jariri numfashi. Rigarsa mai dogon hannu, safa, da gidan sauro, su ne nasa. Kwalaben kuma ki kulle su nesa da yara, don cokali guda na man itacen turare in yaro ya sha yana iya sa shi jijjiga.

In kina da hali, akwai na tsiro guda da ya yi zarra, ana rubuta PMD a jikin kwalbarsa. Daga wani nau'in itacen turare mai ƙamshin lemo ake sarrafa shi, yana kai awanni, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sa shi cikin waɗanda ta amince da su tun 2005. Shi ma ban da 'yan ƙasa da shekara uku, kuma ɗanyen man itacen da ake sayarwa a 'yar kwalba ba ya maye gurbinsa.

Maganar maigida, ki bi shi da lalama. Zafi gaskiya ne, amma gidan sauro ba sai a ɗaki ba: ranar da babu hadari, ƙusa huɗu da igiya sun isa a ɗaura shi a baranda ko tsakar gida. Sabo kuma a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a shiga, shi ke rage yajin da mutane ke kuka da shi. Ko shi ya ƙi, ke da yaran ku shiga. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da masassarar cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, ƙananan yara kuma su ta fi ɗauka. Na yi aikin jinya, na ga yadda gadajen yara ke cika daga Agusta zuwa Oktoba. Masu bi gida-gida da maganin rigakafin damina, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa wata 59 sau ɗaya a wata, in sun ƙwanƙwasa ki buɗe musu. Mai shekara huɗu da na goye duk sun shiga ciki. Za su ba da na ranar farko a gabanki, na kwana biyun da suka rage amana ce a hannunki. Duk yaron da jikinsa ya yi zafi kuma, a yi masa gwajin jini ranar, kada a jira.

Tambaya: Inna, ina da almajirai a wani ƙauye kusa da Wurno, gab da fadamar shinkafa. Ba mu da kuɗin waɗannan mayuka. Mukan ƙona ganyen dogonyaro da ɓawon lemo lokacin karatun dare. Wani ya ce mu jiƙa ciyawar lemo cikin man gyaɗa, wani kuma ya ce mu yayyafa fiya-fiya a tabarmi. Wanne za mu ɗauka? Daga wani malamin allo.

Amsa: Allah Ya gafarta Malam, Ya saka muku da alheri kan kula da yaran nan. Fiya-fiya ku bar shi har abada a wajen kwanan yara. Gubar gona ce, tana shiga jiki ta fata da numfashi, an sha rasa rayuka a ɗakin da aka yayyafa ta aka rufe.

Hayaƙin dogonyaro da ɓawon lemo, ko sarakuwar sauro da iyayenmu ke ƙonawa, yana korar sauro muddin yana tashi. Ku ci gaba da shi a fili lokacin karatu, mai tari ya zauna ta inda iska ke fitowa, amma kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Jiƙa ciyawar lemo a man gyaɗa zai ba ku mai mai daɗin ƙamshi, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, domin kilo 100 na ɗanyen ganye da ƙyar ake tace lita guda daga cikinsa, da tukunyar tururi ta musamman. Abin da ya fi kusa da ku shi ne man 'ya'yan dogonyaro, wanda ake matsewa kamar na gyaɗa. Ba ya saurin tashi. Cokalin shayi guda cikin mililita 250 na man shafawa ya isa, a shafa a ƙafa da hannu. Warinsa ba daɗi, kuma ba a sha, ba a ba jariri. Fadama ba ta ɗebuwa, amma gwangwanaye da tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane na kewayen makaranta, almajirai su kife su duk mako, don cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ke zama sauro a lokacin zafi. Sannan ku je asibitin da ke kusa ku yi magana da jami'in lafiya a kan gidajen sauro, ku gaya masa adadin yaran da inda suke kwana.

Tambaya: Anti, ina so in riƙa haɗa wannan man ina sayarwa tare da humrata. Da matsala? Daga wata ɗaliba, Arkilla.

Amsa: Babu laifi ƙanwata, Allah Ya sa albarka. Abin da za a shafa a jikin mutane yana bukatar rajistar NAFDAC, ofishinsu na nan Sakkwato, ki je ki ji ƙa'idar masu ƙananan sana'a. A jikin kwalba ki rubuta abin da ke ciki da ranar da kika haɗa, ki rubuta cewa a riƙa ƙarawa duk bayan rabin awa, ban da 'yan ƙasa da shekara uku, mai ciki kuma ta tambaya a wajen awo kafin ta shafa. Kalmar "maganin maleriya" kada ta hau kwalbarki, kada kuma ta fito bakinki wajen talla.