Yoyon fitsari bayan tiyatar haihuwa: laifin aikin ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kai ta asibiti, inda aka yi mata aiki aka ciro ɗan babu rai. Kwana biyar bayan aikin sai fitsari ya fara zubo mata babu tsayawa. Dangi suna cewa likitoci ne suka yanke mata mafitsara. Haka ne? Kuma za ta warke? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, yaron kuma Allah ya sa mai ceto ne.

Yadda kika kwatanta, na fi zargin doguwar naƙudar. Idan kan jariri ya maƙale a ƙugu, yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan kwana 3 zuwa 10 sai mataccen naman ya saɓule, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da farji. Shi ya sa yoyon bai bayyana ranar aikin ba, kuma wannan dannewar ce kan sa wasu matan jan ƙafa bayan haihuwa.

Sai dai ba zan wanke tiyata gaba ɗaya ba, domin akan ji wa mafitsara ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda rauni a lokacin aiki, musamman idan naƙuda ta riga ta kumbura wurin. Mai raunin bututun takan yi fitsarinta kamar kullum, amma ga zaninta a jiƙe. Likita zai rarrabe ta hanyar zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara, ya duba ko zai ɓullo ta gaba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, kada a jira ta gama wankan jego. Idan ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, robar fitsari da aka bari mako 4 zuwa 6 tana iya sa ta haɗe ba tare da wuƙa ba. In ba ta haɗe ba sai a ɗinke, kuma ɗinkin farko shi ne ya fi dacewa da nasara, saboda haka ƙwararre ya kamata ya yi shi. Akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ga kuma Asibitin Koyarwa na Shika da cibiyar Babbar Ruga a Katsina.

Na san za ta so rage shan ruwa don kunyar jiƙa shimfiɗa. Ki hana ta, domin ƙarancin ruwa ne ke ƙara zarni, ya sa fitsarin ya ci fatar cinyoyinta. Ta riƙa wanke wurin tana shafa man Vaseline. Bayan ɗinki za ta ƙaurace wa mijinta aƙalla wata 3, kuma duk cikin da ta samu nan gaba, a asibiti za ta haife shi ta hanyar aiki, tun kafin naƙuda ta kankama.