Ƙanina mai tambaya kan jarumin da zuciyarsa za ta bushe

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanina da ya yi tambaya jiya da daddare, ka ce jaruminka ya taso yaro mai tausayi, ga shi ka kai littafi na biyar kana so zuciyarsa ta bushe, amma kana tsoron masu karatu su tsane shi su watsar da kai. Wallahi ka fama min tsohon gyambo. Na karanta ina shago, na rufe waya na ce ba ruwana, bayan isha'i kuma na kasa haƙuri.

Tsofaffin 'yan gidan nan sun san Auta, jarumin littattafaina, ba sai na tsaya dogon bayani ba. Littafi tara na yi a kansa. Abin da mutane suka so shi a kai ba ƙarfi ba ne, don a littafi na ɗaya ko takobin babansa da ƙyar yake ɗagawa. Ɗabi'a guda ce: duk wanda ya kayar a fagen fama, mutum ne ko aljani, sai ya durƙusa ya tambaye shi sunansa kafin rai ya fita, ya rufe masa ido. Ni kaina ban san ta yi tasiri haka ba, na sa ta ne kawai don cike shafi. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Lokacin ina rubuta na shida, a waya nake bugawa tsakanin gyaran wannan wayar da waccan a Farm Centre, wani lokaci cajin ya ƙare ina tsakiyar gumurzu. Guruf ɗin kuɗi nake yi, naira 300 kowane littafi. Akwai wani da na ɗauka ɗan'uwa, shi na ba wa riƙon guruf ɗin, shi ke karɓar shaidar biya, shi ke duba min kurakurai kafin na saki. Don haka duk abin da na rubuta yana hannunsa kafin kowa. Mutumin nan mun ci abinci a kwano ɗaya ba sau ɗaya ba, ranar sunan 'yata shi ya raba goro, da mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya ni na rufe shago na yi ta zirga-zirga da shi. Ba gori nake ba, Allah ya sani, so nake ka gane irin zaman.

Wata ranar Laraba da yamma na hau adaidaita sahu zan koma Sharaɗa. Direban ya kunna karatun littafi a sifika, irin wanda ake ɗorawa a YouTube. Ban ma sa kunne ba sai da na ji an ce Auta. Na ce a raina to, an sace na baya, wannan mun saba. Sai na ji ana karanta wurin da Auta ya tsaya a bakin rijiyar bokan nan, ƙarshen littafi na shida, wanda ko 'yan guruf ɗin da suka biya ban sakar musu ba tukuna. Mutum biyu ne kaɗai a duniya suke da shafin nan. Na tambayi direban wa ya rubuta, ya faɗi wani suna da ban taɓa ji ba, har yana cewa ai mutumin ya iya tsara labari. Ƙanina, ban san lokacin da na ce ya sauke ni ba. A titin gidan Zoo na sauka, na biya shi kuɗin Sharaɗa cif, na taka da ƙafa har gida, ina tafe ina kiran lambar mutumin nan tana ta ringi ba a ɗauka. Da ya tashi amsawa bayan kwana biyu, cewa ya yi wai wayarsa ya kai gyara aka kwashe. Ni mai gyaran waya yake faɗa wa haka! Daga baya na gano tun littafi na huɗu yake sayarwa a gefe naira 100. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu, yana murmushi, yana tambayar iyali. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

To ga inda labarin ya shafe ka. Na riga na tsara cewa a littafi na bakwai amini zai ci amanar Auta, tun kafin wannan abu ya faru. Sai na zauna dare uku na rubuta shi da wannan zuciyar. Auta ya kama aminin ya yanka shi a gaban 'ya'yansa, ya sa dakaru suka cinna wa garinsu wuta, ya hana a binne gawa. Ina rubutawa ina jin sanyi a raina, ina cewa yau jarumi ya girma, ya san duniya. Na saki. Guruf ya yi tsit kusan yini guda, wanda a da kafin na ajiye waya sharhi ya cika. Sai wata baiwar Allah, babba ce, ta haife ni ma, tun littafi na ɗaya take biya, ta turo min saƙon murya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, wannan ba Auta ba ne, kai ne. Ko sunan yaran bai tambaya ba." Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Mutane da yawa ba su dawo littafi na takwas ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Don haka in wani abu na cin ka a rai, kada ka rubuta wannan babin yanzu. Rubuta wani wuri, ko ka je ka yi kallon ƙwallo.

Masu karatu ba sa tsanar jarumi don ya yi tauri. Abin da ba sa yafewa shi ne su kwanta da mutum ɗaya su tashi da wani. Taurin nan sai an saye shi a gabansu, su ga abin da aka biya. Hanyar da na gane daga baya ita ce, tausayin nasa ne zai fara jawo masa asara. Ya saki wani fursuna don ya roƙe shi da girman uwarsa, fursunan ya je ya nuna wa abokan gaba hanyar sansani, a kashe mutum goma sha biyu da mai karatu ya san uku daga ciki da suna. Karo na gaba da wani ya durƙusa yana roƙo, mai karatun da kansa zai ce kashe shi. Ka ga ka sa shi cikin laifin. In daga baya jarumin ya wuce gona da iri, ba shi da bakin cewa daga ina wannan ya fito, tare suka taho.

Kuma don Allah ka bar mana kashe uwa. Kowa uwa yake kashewa a shafi na goma, yaro ya yi kuka ya rantse, shi ke nan ya zama dodo. Wanda ya fi ɓata min rai ma shi ne a keta wa budurwar jarumi haddi don kawai a samo masa dalilin fushi, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta, kamar don haka aka halicce ta. Raggon rubutu ne.

Wani abin kuma, mu nan mun gaji jaruman da ba sa canzawa. Gandoki na Bello Kagara tun 1934, yadda ya shiga labari da bugun ƙirji haka ya fita, kuma ba laifi ba ne, littafi guda ne ba dogo ba, abin da ake nema a wurinsa ke nan. Amma kai da za ka riƙe mutum littafi takwas ko goma, in yaro bai canza ba ƙarya ka yi, in ya canza dare ɗaya ma ƙarya ka yi. Na san wasu a gidan nan ba sa son a kawo misalin Turawa, ku yi haƙuri, Hari Fota ya koya min abu. Littafi bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, yaron ya fara yana shekara 11 ya gama yana 17. Dubi yadda aka jera masa rashi: ƙarshen na huɗu aka kashe ɗan makarantarsu a gabansa, na biyar ya rasa aminin babansa da ya ɗauka uba, na shida shugaban makarantar da yake jingina da shi. Kowanne ya fi na baya kusa da ƙashin bayansa. Akwai wani sihirin azabtarwa da aka haramta, a na biyar ya jefa wa matar da ta kashe aminin baban nasa, bai kama sosai ba don zuciyarsa ba ta kai nan ba. A na bakwai ya sake jefa wa wani, ya kama. Ba a tsaya an yi mana wa'azi cewa ya canza ba, abu ɗaya ya yi sau biyu muka gani da idonmu. Duk da haka an bar masa abu guda: sihirin ƙwace makami daga hannun abokin gaba maimakon kisa, har manya suka yi masa faɗa a kai, kuma da shi ya gama yaƙin ƙarshe.

Wannan shi ne tambayar suna ta Auta, wadda ni na jefar a dare ɗaya. Da ina da hankali a lokacin, da sai na riƙa cinye ta kaɗan-kaɗan. A na huɗu ya tambayi suna amma bai tsaya rufe ido ba don ana bin sa. A na biyar ya sa yaronsa ya tambaya. A na shida a faɗa masa sunan, da daddare ya yi ta ƙoƙarin tunawa ya kasa. Ka duba littafinka na ɗaya, na tabbata akwai irin wannan ƙaramar ɗabi'a da ka sa ba da niyya ba, ko shayar da doki kafin ya sha, ko ajiye wa ƙanwarsa loma. Ita za ka riƙa taɓawa. Maganarsa ma ta ragu. Yaron da yake jera tambayoyi a da, yanzu "to" da "a tafi". Barcinsa ya lalace, ya daina zama ya ba ƙofa baya.

Sannan ka ajiye mutum ɗaya da ya san shi tun yana yawo ba wando, wanda zai kira shi da sunan gida a gaban dakaru, ya kalle shi ya ce me ya same ka. Kada ka kashe wannan mutumin da wuri, shi ne bakin mai karatu a cikin labarin.

In kana neman inda za ka ga yadda zuciya ke bushewa da gaske, ba sai ka je ƙasar aljanu ba. Karanta basasar Kano, 1893 zuwa 1895, rikicin sarauta tsakanin Tukur da Yusufu. Tukur ɗan Sarki Bello ne, Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, iyayensu 'ya'yan Sarki Dabo ne, gida ɗaya jini ɗaya. Yusufawa suka fice suka yi sansani a Takai, Yusufu ya rasu kafin a shiga birni, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagora, aka ƙare da kashe Tukur a Tafashiya. Ka zauna ka yi tunanin saurayin da ya bi su Takai yana ganin gaskiya yake bi, da irin mutumin da ya dawo birni, wanda a ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka yi wasan ƙasa tare. Ni daga nan na samo littafi na takwas. Ka leƙa Gidan Makama kuma ka ga kayan yaƙin da idonka, don na gaji da karanta barde sanye da sulke da kwalkwali yana tsalle kamar ɗan akuya tun hantsi har magariba. Mai ɗaukar wannan kaya ga lifidi a kan doki cikin zafin bazara, gajiya kaɗai ta isa ta sa shi daina tausayi. Wannan ba shi ka tambaya ba, na sani.

Yadda na yi gyara, in ma gyara ne: ban goge na bakwai ba, don an riga an karanta, ɓarayi ma sun karanta. A na takwas na sa Auta ya koma garin da ya ƙone shi kaɗai, ba sulke, yana bin tsofaffin da suka tsira yana tambayar sunayen waɗanda suka mutu. Wasu suka faɗa masa, wata ta tofa masa yawu, wani ya ce ba zai ba shi sunan ɗansa ba ko zai yanka shi. Bai koma yaron da ba, kuma ban sa an yafe masa ba. Baiwar Allahn nan ta dawo a na tara, ta biya 300 ɗinta ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Abu ɗaya da ban gane ba a tambayarka, taurin da kake nufi na wanda zai zama azzalumi ne har ƙarshe, ko na wanda duniya ta gasa amma da sauran mutum a ciki? Don na farkon sai ka fara gina wanda masu karatu za su koma wa tun yanzu, in ba haka ba za ka kai na bakwai ba kowa a gidan da ake so. Turo min na ɗaya da na huɗu ta akwatin sirri in duba maka ɗabi'ar da za ka riƙe, bayan isha'i nake samun sarari. Waɗanda ka riga ka saki nake nufi. Wanda ba ka saki ba kada ka tura wa kowa, har ni.