Amsa: Komawa injiniyancin masana'antu daga fannin lissafi

Ƙanena, ka ce kana aji ɗaya a fannin lissafi a nan Katsina, kana son komawa injiniyancin masana'antu da tsare-tsare, amma kana tsoron asarar shekara. Ni dai ina bayanka, domin lissafin nan shi ne jarin wannan fanni. Aikin injiniyan masana'antu shi ne nazarin yadda mutane, injuna da kaya ke gudana: me ke tsawaita layi a asibiti, buhu nawa injin casar shinkafa zai fitar a yini, yaushe za a sayo kaya kafin sito ya ƙare. Wallahi muna buƙatar masu wannan ilimi.

Wurin karatun ne abin dubawa. Jami'ar Ibadan tana da sashen masana'antu, ta Legas kuma na tsare-tsare. Shekara 5 ake yi, kuma dole JAMB ɗinka ya haɗa Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. In Baba bai yarda ka yi nisa ba, nemi injiniyancin kanikanci a ABU Zariya ko BUK, ka ƙware a fannin masana'antu a digiri na biyu. Ka fara tabbatar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta amince da kwas ɗin, kuma kada ka bar gurbinka sai sabon ya zo hannu.